Daga Garwa Zuwa Injin Ban-Ruwa: Tarihin Masu Hikimar Hannu A Nguru, Gashuwa Da Jakusko

A duk lokacin da aka zauna ana tarihin zuwan iyayenmu da kakanninmu wannan yanki na Bade da Manga, waɗanda aka fi ambata su ne fatake da malamai da dillalan gyaɗa da na shanu. Wannan daidai ne, domin sun cancanta. To amma akwai wasu bayin Allah da ba a cika tunawa da su ba, alhali kuwa babu gidan da za ka shiga a Nguru ko Gashuwa ko Jakusko ba ka tarar da aikin hannunsu ba. Muna nufin maƙera da masu ƙirar gwangwani da masu walda da kanikawa.

A ƙasashen da suka ci gaba, wanda ya zauna ya tsara siffar buta ko kujera ko mota, ya auna yadda za ta dace da hannun mai amfani da ita da kuma aljihunsa, babban mutum ne, har jami'a ake zuwa a koyo aikinsa. Mu a nan masu yin wannan aiki suna zaune ne a gindin bedi ko a rumfar kwano a bayan kasuwa, ba takarda ba allo. Abin da muke so mu nuna a wannan karo shi ne, kusan duk wani sauyi da ya zo wa garuruwan nan cikin shekaru ɗari da suka wuce, sai da ya bi ta hannun waɗannan mutane kafin talaka ya amfana da shi.

Kafin Zuwan Dogo

Nguru tsohon gari ne, a nan Galadiman Borno yake zaune yana kula da yammacin daular. A ɓangaren Bade kuwa, Mai Lawan Babuje ne ya kafa Gogaram ya kewaye ta da ganuwa a farkon ƙarni na 19, kuma tana cikin ƙaramar hukumar Jakusko ta yanzu. Sai a shekarun 1940 aka mayar da fadar Mai Bade Gashuwa. Mutanen ƙasar manoma ne kuma masunta, sun san ruwa sun san fadama tun kafin baƙo ya zo.

A wancan zamani ƙarfe abu ne mai tsada ƙwarai, domin sai an haƙo tama an narka ta da gawayi kafin a sami abin da za a ƙera fartanya ɗaya. Saboda haka yawancin kayan amfanin gida daga ƙasa da itace da fata da kaba ake yin su. Guga na fata ne ko na ƙwarya, igiya ta kaba ce, ruwa a tulu ake ɗauko shi a zuba a randa. Mai lambu a bakin kogi kuwa jigo ne injinsa: doguwar sanda a kan gwafa, an ɗaura curin laka a gindinta, guga a bakinta. Nauyin lakar ne ke taya shi ɗago ruwan. Wanda ya taɓa yini yana jan jigo ya san cewa ɗan fegi kaɗan mutum ɗaya ke iya shayarwa kafin kafaɗa ta gaza.

Dogo Ya Kawo Garwa

A wajajen 1930 ne hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Kano ta iso Nguru, tafiyar kusan kilomita 230, kuma a nan ta tsaya. Turawa sun shimfiɗa ta ne don kwasar gyaɗa da fatu da ƙaro da dabbobi zuwa bakin teku. Wannan ne ya jawo jama'a daga Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram, wasu suka zauna a Hausari ta Nguru, wasu suka zarce Gashuwa inda har yau akwai Zango da unguwar Sarkin Hausawa, wasu kuma suka bazu kasuwannin ƙasar Jakusko irin su Girgir da Amshi da Buduwa.

To jirgin da ya tafi da gyaɗa ba ya dawowa wayam. Yakan dawo da gishiri da atamfa da sukari da kananzir, shi kuwa kananzir a cikin garwa yake zuwa, mai cin galan 4, wato kimanin lita 18. Kamfanin da ya yi garwa bai yi ta don komai ba sai don ta kai kananzir inda za a sayar, daga nan a yar. Amma da ta faɗo hannun mutanenmu sai ta sami sabuwar rayuwa. Aka yanke bakinta, aka lanƙwashe kaifin don kada ta yanki hannu, aka gitta itace a tsakiya ya zama mariƙi. Aka rataya biyu a sanda aka saɓa a kafaɗa, ga sabuwar sana'a ta samu, wadda har yau sunanta ke bakinmu, wato ga-ruwa. Garwa ta zama ma'aunin manja da man gyaɗa. Idan ta huje kuma ba a yar da ita, sai a buɗe ta a shimfiɗa, a yi ƙyauren ɗaki ko akwatin tufafi ko mazurari.

Daga nan ne masu ƙirar gwangwani suka yawaita. Kayan aikinsu ba su da yawa: almakashi, 'yar guduma, dalma, da ƙarfen da ake sa wa a wuta don liƙi. Da gwangwanin madara suke yin aci-balbal, su huda murfi su liƙa ɗan bututu, a zura tsumma ya zama lagwani. Fitilar ƙwai ta kanti ta masu hali ce, amma aci-balbal ita ta haska teburin mai shayi da tiren mai ƙosai da zauren karatun dare shekara da shekaru. Duk wanda ya yi wayo kafin zuwan tocilan mai caji ya san ƙaurin hayaƙinta.

Maƙeran baƙi su ma dogo ya sauya musu aiki. Da ƙarfen Turawa ya wadata, sai narkar da tama ta mutu, domin ba wanda zai sha wahalar haƙa alhali ga ƙarfe a yashe. Guntun ƙarfen dogo ya zama uwar maƙera a wurare da dama, kuma har gobe za ka gan shi a gaban maƙeri.

Mota Ta Mutu, Kayanta Na Aiki

Bayan yaƙin duniya na biyu manyan motoci suka fara yawa, suna haɗa Nguru da Gashuwa da Gaidam, suna kutsawa ƙauyuka cikin rairayi. Hanyar ba ta da kyau, saboda haka mota ba ta daɗewa. Amma a ƙasar nan mota ba ta mutuwa gaba ɗaya. Sifirin ɗinta ƙarfe ne mai tauri, shi maƙera suka fi so wajen gatari da adda da garma. Tayarta a yanka a yi takalmi wanda ƙaya ba ta hudawa, abin da makiyayi da manomi suka daɗe suna nema. Tib ɗin ciki a ɗinke shi a yi guga, wanda ya fi na fata jure ruwa kuma ba ya wari. Ragowar a tsaga siri-siri a yi robar ɗaurin kaya. Gindin motar da ƙafafunta kuwa su suka zama amalanken shanu, wanda ke kai taki gona ya dawo da gero, ya kai mara lafiya asibiti, ranar biki kuma ya ɗauki kayan amarya.

Duro ma haka. A tsaga shi biyu a yi kwamin shayar da dabbobi, ko a huda gindinsa a sa waya a yi bandar kifi, ko a buɗe shi a yi ƙofa. A wannan zamani ne kuma tukunyar sanholo, wadda aka fi sani da tukunyar dalma, ta shigo. Masu bincike sun nuna cewa wannan sana'a ta narka tsohon sanholo a zuba a cikin zubin yashi ta yaɗu ne a Afirka ta Yamma daga ƙasar Sanagal bayan 1945, masu koyo suna ɗaukarta daga gari zuwa gari har ta iso mu. Abin lura a nan shi ne, masu zubin ba su kwaikwayi tukunyar Bature mai shafaffen gindi ba. Sun yi ta ne da kumburarren gindi irin na tukunyar ƙasa, don ta zauna daram a kan duwatsun murhu uku, muciya kuma ta zagaya ko'ina ba tare da tuwo ya maƙale a lungu ba. Wato sun dubi matar da za ta yi tuƙi kafin su yi zubi.

Ko zuga-zugi bai tsira ba. Wani ya duba ƙafar keke ya ga cewa idan aka haɗa ta da 'yar fanka ta gwangwani da igiya, yaro ɗaya zai juya ta da hannu ɗaya iska ta fito ba yankewa. Yau da wuya ka ga maƙera a gari da ke amfani da na fatar akuya.

Da Ruwa Ya Ja Baya

Jarrabawa mafi girma ta zo ne ta wajen ruwa. An yi fari mai tsanani daga 1972 zuwa 1974, aka sake yin wani a 1983 da 1984. A tsakanin nan aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, daga baya ta Challawa a 1992, dukkansu a jihar Kano, a saman kogin da ke shayar da mu. Ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe, wani wuri ruwa ya kwanta ya ƙi tafiya. Jigo ya kasa, domin ruwan ya yi masa nisa.

A shekarun 1980 ne hukumomin raya aikin gona suka fara sayar da ƙananan injinan ban-ruwa masu shan fetur a kan rangwame. Da gwamnati ta hana shigo da alkama a 1987, sai farashinta ya tashi, jama'a suka ruga fadama. A 1990 aka kafa shirin raya yankin arewa maso gabas mai ƙarancin ruwan sama, wanda Tarayyar Turai ta tallafa wa, da hedkwatarsa a Garin Alƙali kusa da Gashuwa, sa'an nan shirin Fadama na ƙasa ya biyo baya a farkon shekarun 1990 da rancen Bankin Duniya.

To amma kawo inji daban, riƙe shi daban. Injin daga Japan aka ƙero shi, ba a yi shi don ƙurarmu da yashinmu ba, kuma ya zo daidai lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara suka yi tsada. A nan ne kanikawan babur da na injin niƙa suka shigo. Suka kwance shi suka gane cikinsa, suka riƙa yanka gasket da kwali, suna ɗaure tiyo da robar tib, suna haɗa matattun inji biyu su tayar da ɗaya.

Rijiyar ma an sauƙaƙa ta. Maimakon a jira babbar motar haƙa, sai a kafa bututu a fadama a riƙa tura ruwa a cikinsa da injin, ruwan na wanke yashi bututun na nutsewa, cikin yini ɗaya an sami rijiya. Matasa suka koya, ta zama sana'arsu. Akwai kuma wata dabara da ta cancanci a rubuta. Irin wannan inji tsotso yake yi, kuma ba ya iya tsotso ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, komai ƙarfinsa. Da ruwan ƙasa ya ƙara yin ƙasa da rani, sai manoma suka haƙa rami a gefen bututun suka saukar da injin ciki, suka rage masa nisa. Ba wanda ya karanta musu wannan a littafi. Da haka tumatir da tattasai da albasa da shinkafar rani suka riƙe gidaje da yawa a ƙasar Bade a shekarun da damina ta ƙi.

Masunta ma ba a bar su a baya ba. Da kifi ya ragu, suka karɓi gurar Mali, wadda masunta 'yan ƙasar Mali suka zo da ita, suka koyi saƙa ta da itacen gida da raga, suna jera ta a tare hanyar ruwa. Ita wannan dabara ta jawo rigima a wurare, domin tana kama har 'ya'yan kifi kuma tana hana na ƙasa samu, abin da ke nuna mana cewa ba kowace hikima ce ke zuwa ba tare da illa ba.

Cikin Gari

Da garuruwa suka faɗaɗa famfon gwamnati ya kasa isa ko'ina, garwa biyu a kafaɗa ta daina wadatarwa. Sai masu walda suka ƙera kura, suka auna faɗinta daidai da jarka mai lita 25, suka sa mata ƙafafu biyu a tsakiya don nauyin ya hau kan ƙafafun ba kan hannun mai turawa ba. Mutum ɗaya ya koma kai jarka 10 ko 12 a tafiya ɗaya. Su ne kuma suka ƙera kurfoti da murhun garin katako, da gindin injin markaɗe, da injin ɓarar gyaɗa na hannu, da gadon ƙarfe da ƙofofin da suka maye gurbin na katako.

Maƙwabtanmu na Jigawa sun nuna cewa irin wannan tunani na iya kai mutum duniya. Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya yaɗa dabarar randa cikin randa a shekarun 1990. A sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan ke bushewa sai ya tafi da zafin, kayan miyan da ke ciki su yi kwanaki ba su lalace ba. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi kyauta a kan wannan aiki. Kowace tsohuwa a gidajenmu ta san ruwan randa ya fi sanyi, shi dai ya tsaya ne ya yi tunani a kan dalilin, ya auna, ya rubuta.

Har yanzu abin bai tsaya ba. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Manoman rani suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Ba a daɗe ba kanikawa suka fara juya injinan ban-ruwa da janareto su koma shan gas ɗin girki, wasu manoman kuma suka koma famfo mai aiki da hasken rana. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan motocin haya yana sa musu batir da farantin sola. Can a Amurka kuwa, Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna wa duniya a 2007, daga baya a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsara motoci ta Nijeriya. Tsakanin Jelani da mai ƙera kura a Gashuwa tunanin ɗaya ne, bambancin shi ne ɗaya ya sami makaranta da kayan aiki.

Abin Da Ke Gabanmu

To jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Wannan gado yana neman kuɓuce mana ta hanya uku. Ta farko, roba ta cika kasuwa. Bokiti da buta da kujera na roba sun fi araha, sun kashe kasuwar mai gwangwani, ko da yake rana ɗaya ta Gashuwa a watan Afrilu ta isa ta fara gasa su. Ta biyu, tsohon ƙarfen da maƙeri ke samu a arha yanzu 'yan jari-bola na tattara shi a loda a manyan motoci a kai kamfanonin narkarwa, maƙeri ya koma yana gasar saye da mai tirela. Ba mu ga laifin yaran da ke neman abincinsu ba, amma dai abin ya shafi maƙera. Ta uku kuwa, wadda ta fi ciwo, mu da kanmu muke raina sana'ar. Yaron da ya kasa a makaranta shi muke turawa gareji, kamar horo. Wanda ya yi karatu kuma yana jin kunyar a gan shi da baƙin mai a hannu, ya gwammace ya shekara biyar yana yawo da takardu.

Dole kuma mu faɗi gaskiya, aikin hannu ba tare da ilmi ba yana da haɗari. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka, ciki har da Kamaru, ya gano cewa tukwanen da ake zubawa da tarkacen inji sukan saki gubar dalma a cikin abinci, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara. Juya inji ya koma gas da ruɓaɓɓen tiyo na iya tayar da gobara. Mai walda da ke aiki ba tabarau yana sayar da idonsa ne a hankali. Maganin wannan ba hana sana'ar ba ne, haɗa ta da ilmi ne. Tun 2013 akwai Jami'ar Tarayya a Gashuwa. Tsakanin ƙofarta da rumfunan maƙera ba wata tafiya ba ce, kuma kowane ɓangare na da abin da zai koya wa ɗayan.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Matasanmu masu waya a hannu su zauna da tsofaffin maƙera da masu gwangwani da kanikawa na unguwanninsu, su ɗauki bayaninsu: wa ya koya musu, daga wane gari ya zo, wace shekara suka fara, me suka sauya a aikin. Mun san sunayen sarakuna da hakimai, ya kamata jikokinmu su san sunayen waɗannan ma, Hausawansu da Badawansu da Mangawansu da Fulaninsu, domin a maƙera ba a tambayar ƙabila. Na biyu, a tara tsofaffin kayan nan, garwa da aci-balbal da gugan tib da zuga-zugi da jigo, a ajiye a ɗaki ɗaya inda 'yan makaranta za su gani, tun kafin mai jari-bola ya auna su a sikeli. Na uku, kowane uba ya yi ƙoƙari ɗansa ya haɗa biyu, boko da safe, sana'a da yamma, kuma mai ƙoƙarin ne za a fara turawa.

Iyayenmu da suka sauka daga jirgi a tashar Nguru, da yawansu ba su zo da komai ba sai guduma da almakashi a ƙunshe cikin buhu. Da su suka ci, suka yi aure, suka gina gidajen da aka haife mu a ciki, suka kuma zauna lafiya da masu masaukinsu saboda suna da abin da za su amfane su da shi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya sa albarka a hannun waɗanda ke raye, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari. Amin.